Shuka Duma A Cikin Gida

 

Yau za mu yi magana a kan duma. Mun ga waɗansu har sun fara murmushi. Watakila suna cewa a ransu, "Malam ya rasa abin da zai faɗa mana, sai duma? Abin da ke fitowa don kansa a kan juji?" Gaskiyarku, yana fitowa don kansa, abin da ya kawo maganar ke nan ma. Gero da dawa sai an sha wahala kafin su yi kyau. Duma kuwa ba ya neman lallashi. Abin da ya ke nema shi ne a nuna masa inda zai bi, a hana shi inda bai kamata ba, sa'an nan a yi haƙuri har ya ƙosa. In aka bar shi ya bi son ransa, yana iya kashe wa mutum ɗaki, ya kuma haɗa shi faɗa da maƙwabci.

Bari mu fara da abin da ya same mu, don kada ku ce abin da muka gani a takarda kaɗai mu ke faɗa muku.

Wata shekara muka sami irin ƙwarya mai kyau, muka shuka ƙwaya 3 a gindin ɗakin girki. Ɗakin kuwa na jinka ne. Ruwa ya zauna, duma ya tashi, ya kama jinka ya haye. Kafin watan Agusta ya ƙare ba a ganin ciyawar ɗakin ko kaɗan, sai ganye kore shar. Kowa ya shigo gidan sai ya yaba, mu kuwa muna ta jin daɗi. Ashe ganyen nan ya hana rana taɓa jinkar. In an yi ruwa ba ta bushewa, sai ruɓewa ta ke yi daga ciki. Ga kuma nauyin 'ya'ya, kullum suna ƙaruwa. Ran nan da dare aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, sai muka ji ruf! Tsaiko ya karye, jinka ta zauna a kan tukwane.

Wannan ɗaya ke nan. Na biyu, wani reshe ya bi danga ya faɗa gidan maƙwabcinmu, ya je can ya haifi 'ya'ya 2, waɗanda suka fi duk na gidanmu girma. Da kaka ta yi muka aika yaro ya tsinko. Maƙwabci ya ce a gidansa suka girma, shi ya tsare su daga awaki. Mu kuma muka ce ai gindin a gidanmu ya ke. Maganar ƙwarya 2 sai da ta sa matan gidajen nan suka yi makonni ba sa gaisawa, har dai mai unguwa ya raba mu, kowa ya ɗauki ɗaya. Da muka zauna muka yi lissafi, kuɗin sabuwar jinka ya ninka kuɗin dukan ƙoran da muka samu. Laifin duma ne? A'a, laifinmu ne, da muka shuka shi ba mu yi masa wuri ba.

To, kada wannan labari ya sa ku guje shi. Ku dubi gidajenku, ku ƙidaya abin da duma ya ba ku. Ƙwaryar fura, da ƙoƙo, da masaki, da ludayi, da buta, da goran ruwa, da zungurun da mata ke sa hannu in sun ƙunsa lalle, da kurtun tawadar almajiri. Makaɗa ma da shi su ke ci: goge, da kukuma, da gurmi, da shantu, da kiɗan ƙwarya na mata. Bafillatana ba ta fita tallan nono sai da ƙwaryarta. Wanda ya taɓa zuwa bikin kamun kifi na Argungu ya ga masunta suna faɗawa ruwa, kowa da homarsa da ƙaton gora, shi ne jirginsa, shi ne kuma ma'ajin kifinsa. Duk waɗannan tsiro ɗaya ne, iri ne kawai ya bambanta.

Mun sani yanzu roba ta cika kasuwa, kwano kuma ga shi ko'ina. Ba mu ce ku zubar da su ba. Amma roba da kuɗi a ke saye, in ta fashe kuwa ta zama shara, ta shekara da shekaru a kan juji ba ta ruɓe ba. Ƙwarya a bayan ɗakinka za ka same ta. In ta tsage ka kai wa gyartai ya ɗinke, in ta mutu sakainarta ta yi aikin kwasar wani abu, daga baya ta koma ƙasa. Masu shan fura kuma sun san bambancin furar ƙwarya da ta roba, ba sai mun gaya musu ba.

Duma ɗan ƙasa ne. Masana sun tabbatar asalinsa daga nan Afirka ya ke, ba kamar masara da rogo ba, waɗanda aka kawo mana daga Amurka. A shekarar 2004 aka ba da labarin an sami duman daji a ƙasar Zimbabuwe, wanda ba wanda ya shuka shi. Ɓawonsa ba kauri, da ya bushe sai ya farfashe, iri ya zube. Kun ga ke nan kaurin ƙwaryarmu ba haka kawai ya samu ba. Kakannin kakanni ne suka yi ta zaɓen mai ƙwari suna ajiye irinsa, shekara bayan shekara. Wani abin mamaki kuma, an tono gutsattsarin duma a ƙasar Meziko, can hayin teku, wanda ya kai shekara wajen 10,000. Wa ya kai shi can? A 1954 waɗansu masana a Amurka suka ba da labarin gwajin da suka yi. Sun bar goruna suna yawo a kan ruwan gishiri fiye da wata 7, da suka fasa suka shuka irin, sai ya tsiro. A 2014 kuma wani bincike ya nuna duman Amurka ya fi kusa da na Afirka. Watau ga alama teku ce ta ɗauke shi ta ƙetarar. Tsiron da ya ƙetare teku, dangar kara ce za ta tsare shi?

Saboda haka aikin farko ba shuka ba ne, zaɓen wuri ne. Ku nemi inda rana ke samu sosai, don duma ba ya son inuwa. Ku nisanta shi daga ɗakin jinka, da rumbu, da dangar da ta raba ku da maƙwabci. In gidan da fili, a bar kamar taku 5 tsakani. In ba fili, ko taku 3 ne a bari, amma fa sai an riƙa zagayawa da wuƙa. Kada kuma ku shuka shi a gindin ƙaramar itaciya, kamar lemo ko gwaiba ko zogale. Zai haye ta ya lulluɓe, ya tare mata rana, shekarar nan ba za ku ci 'ya'yanta ba.

Sa'an nan ku yi masa rumfa tasa ta kansa, tun kafin a shuka, ba sai ya fara yaɗo a shiga neman itace ba. Ku kafa dirkoki 4 masu ƙwari, in rumfar da faɗi a sa 6. Ku ɗan babbake gindinsu da wuta kafin a binne, saboda gara. Tsawonta ya wuce kan mutum, yadda za a shiga ƙarƙashi ba sunkuyo. A gicciya itatuwa masu kauri a sama a ɗaure tam, kana a jera kara a kai. Kada ku yi da kara zalla. Ɗanyen duma ruwa ne cike da shi, guda ɗaya babba yaro ba ya iya ɗauka, to ina ga guda 10? Rumfa mai taku 4 kowane gefe ta ishi gindi 2. In kun yi haka kun sami riba biyu, ga ƙwarya, ga inuwar da mata za su yi daka da yara za su yi wasa.

A gindin dirka ku haƙa rami, faɗinsa kamu 1, zurfinsa kamu 1. Ku cuɗa ƙasar saman da takin da ya riga ya ruɓe, da ɗan toka, ku mayar cikin ramin har ya ɗan yi tudu. Dalilin tudun shi ne kada ruwa ya kwanta a gindin, gama duma yana son ruwa amma saiwarsa ba ta son zama cikin taɓo. Mun ce takin da ya ruɓe. Ɗanyen kashin kaji ko na awaki yana ƙone saiwa. In taki ya yi yawa ƙwarai kuma, sai ku ga ganye manya-manya kamar faifai, 'ya'ya kuwa kaɗan.

Lokacin shuka shi ne sa'ad da ruwa ya zauna, a yawancin wurarenmu cikin watan Yuni. Ɓawon irin duma yana da tauri, don haka ku jiƙa shi cikin ruwa ya kwana. Da safe ku sa ƙwaya 3 ko 4 a kowane rami, zurfin gaɓar yatsa ɗaya ko biyu. Cikin mako guda zuwa kwana 10 za ku ga ya fito. Ku kewaye shi da ƙaya, don kaji ba sa ganin sabuwar ƙasa su ƙyale. In ya yi ganye 4, ku duba wanda ya fi ƙarfi ku bar shi, ku yanke sauran. Mun san da wuya mutum ya kashe tsiro mai lafiya, hannu ya kan yi nauyi. Amma 4 a rami ɗaya ƙwace abinci za su yi ta yi, duk su tashi ba ƙwari.

Duma mai kauri yana bukatar wata 4 zuwa 5 daga shuka zuwa ƙosawa. Mutanen arewa sosai, kamar wajen Daura da Maraɗi da Damagaram, inda damina ba ta da tsawo, a nan ne shukar gida ta fi ta gona. Gindi 2 ne kawai, ana iya shuka su tun kafin ruwa ya zauna a riƙa ba su ruwa da buta, in ruwa ya ɗauke da wuri kuma a ci gaba da ba su. Ruwan wankin hatsi da na alwala duk sun isa. A gindi za a zuba, ba a kan ganye ba.

Yanzu ga inda aikin ya ke. Makonnin farko duma ya kan yi kamar ba ya so. Kada ya ruɗe ku, saiwa ya ke kafawa. Ran da ya fara yaɗo, in ka sa alama da yamma, da safe za ka tarar ya wuce ta. Gindi ɗaya yana iya tafiya taku 10 ko fiye. Yana da waɗansu 'yan hannuwa kamar zare, masu baki biyu, duk abin da suka taɓa sai su naɗe shi. Ku kafa masa sanda ko ku ɗaura igiya daga gindin zuwa saman rumfa, ku ɗora kansa a kai. Rassan da suka fito a ƙasa-ƙasa ku cire su, don ya tafi sama sosai.

Da ya kai saman rumfa, sai ku tsinke kan da farce. Me ya sa? Ku saurara da kyau, don wannan ita ce dabarar da mutane da yawa ba su sani ba. Uwar yaɗon, watau wadda ta taso daga gindi, yawancin furanninta maza ne. Furanni mata sun fi fitowa a rassan gefe. In an tsinke kan, sai ya fid da rassa da yawa, 'ya'ya su yawaita. Daga nan kuma sai ku sa wa kanku rana ɗaya a mako, ko Juma'a ko ranar kasuwarku, ku zagaya rumfar. Duk reshen da ya nufi ɗaki, ko danga, ko itaciya, ku juyo da shi kan rumfa. In ya ƙi, ku yanke. Kada ku ji tausayinsa, yanka ba ya kashe duma. Mako 2 in kuka yi ba ku duba ba, sai ku tarar ya riga ya yi sallama a gidan maƙwabci.

Mun ce fure namiji da fure mace. Waɗansu za su ce, "Fure ma da mace da namiji?" Ƙwarai kuwa, kuma duk a jikin gindi ɗaya. Wajen wata ɗaya da rabi zuwa 2 bayan shuka, ku fita da la'asar sakaliya ku duba. Furen duma fari ne fat, ba kamar na kabewa ba mai ruwan ɗorawa. Da yamma ya ke buɗewa, ya kwana a buɗe, in rana ta ɗaga kashegari ya yanƙwane. Namijin yana bisa dogon siririn kara, ba komai a ƙarƙashinsa. Macen kuwa kararta gajere ne, a ƙarƙashin furen akwai ɗan ƙaramin duma mai gashi-gashi, har ana gane siffarsa, ko gora ne ko ludayi. Maza su ke fara fitowa, su yi kwanaki suna zubewa. Kada ku ce dumanku ya lalace, haka al'adarsa ta ke.

Ɗan duman nan ba zai girma ba sai garin da ke cikin furen namiji ya shiga cikin na mace. Ƙwarin dare ne ke wannan aiki, musamman wani mai kama da malam-buɗe-littafi, mai kaurin jiki da dogon baki, wanda ke yawo da magariba. In kun ga 'ya'yan suna yin rawaya suna kaɗewa tun suna ƙanana, sau da yawa ƙwarin nan ne ba su zo ba. To, sai ku yi aikin da kanku. Da magariba ku tsinko furen namiji da ya buɗe a ranar, ku cire fararen ganyayen, ku shafa tsakiyarsa a hankali a tsakiyar furen mace. Shi ke nan. Ko yaro ya iya. Bayan 'yan kwanaki za ku ga ɗan ya fara kumbura. Wannan ma dalili ne da zai hana ku yi ta fesa maganin ƙwari barkatai lokacin fure, don za ku kashe masu yi muku aiki kyauta.

In 'ya'ya sun kama, sai ku tambayi kanku, me ku ke so? In ƙananan ƙoƙuna ne ko ludayi, ku bar su da yawa. In babbar ƙwarya ku ke so mai kauri, ku bar 2 ko 3 a gindi ɗaya, ku cire sauran tun suna ƙanana. Abincin da zai rabu goma ya taru a kan uku.

Siffa kuma da hannunku a ciki. Ludayi da shantu da zunguru, in suna rataye a rumfa, nauyinsu ya kan ja su su miƙe sak. In suna kwance a ƙasa sai su lanƙwashe. Gora in ya yi nauyi ku yi masa ragaya da igiya ko tsohon zane, ku ɗaure a itacen rumfa, kada ya tsinke. Masaki kuwa, da manyan ƙorai, ba na rataya ba ne. Su a ƙasa a ke barinsu. Ku ware musu gefe guda na fili, ku zaunar da kowane ɗa a kan gindinsa tun yana ƙarami, ku sa masa busasshiyar ciyawa ko guntun tabarma a ƙarƙashi, don kada danshi ya ɓata shi ko gara ta ci. In an bar shi a kan haƙarƙarinsa, gefe ɗaya zai shafe, in an fafe a sami ƙwarya mai karkataccen baki. Amma a juya shi a hankali, kada mariƙinsa ya karye.

Abokan gabansa ba su da yawa. Akwai wani ɗan jan ƙwaro mai huda ganye sa'ad da tsiron ke ƙarami. Ku barbaɗa toka da sassafe, tun da sauran raɓa. Akwai kuma wani ɗan ƙuda mai sokar ɗanyen ɗa ya sa ƙwai a ciki, tsutsa ta ƙyanƙyashe ta ruɓar da shi. Maganinsa a rufe ɗan da takarda ko tsumma har ɓawonsa ya fara tauri. Wanda ya riga ya ruɓe kuwa kada a bar shi a ƙasa, a haƙa rami mai zurfi a binne, in ba haka ba daga nan sababbin ƙudaje za su fito. Wajen ƙarshen damina za ku ga wata farar ƙura kamar gari a kan tsofaffin ganye. Ku cire waɗanda ta ci sosai ku ƙone, iska ta sami hanya.

Saura haƙuri, shi ne ya fi wuya. Duma ya kan kai iyakar girmansa tun da sauran lokaci mai yawa kafin ya ƙosa. Mutum ya gan shi ƙato, ya ce ai ya yi, ya tsinke. Irin wannan ƙwarya ita ce ke motsewa in ta bushe, ko ta yi laushi ta fashe cikin 'yan makonni. Girma dabam, ƙosawa dabam. Ku jira har mariƙin ya bushe ya zama ruwan ƙasa, ɗan hannun nan mai kama da zare na kusa da shi ma ya bushe. Ku danna farce a jikin ɓawon, in ya shiga da saura. Ku ƙwanƙwasa, ku ji ya yi ƙara kamar itace. Ko ganye duk ya mutu, rumfa ta yi muni, ku ƙyale shi. A wurinmu wannan ya kan kai Oktoba ko Nuwamba. In za ku cire, ku yanka da wuƙa ku bar ɗan mariƙi kamar tsawon yatsa. Kada ku fizge, don ta wurin raunin nan ruɓa ke shiga.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Gaskiya ne, gama aikin yana cin kwanaki. In ƙwarya ce, a zana layi a tsakiya da gawayi, a bi shi da wuƙa mai kaifi ko ƙaramin zarto, a raba biyu. A kwashe irin a ajiye gefe. Sa'an nan a zuba ruwa a ciki a bar shi kwanaki har totuwar, watau farin naman nan na ciki, ta ruɓe ta saki. Wari za ta yi, don haka a kai ta nesa da ɗakin kwana. Daga nan a kankare tas, ciki da baya, a wanke, a shanya. Gora kuwa baki kaɗai a ke yanke masa, a ɗura ruwa a bar shi ya jiƙa, kana a zuba tsakuwa a yi ta girgizawa ana zubarwa, har ruwan ya fito garau. Wanda zai kankare busasshen duma ya ɗaure hancinsa da ƙyalle, ƙurar tana sa tari.

A nan akwai gargaɗi, muna roƙonku ku kai shi gida ku gaya wa mata da yara. Ɗacin nan na duma dafi ne. Wanda ya ci totuwa mai ɗaci, ko ya sha ruwanta, zai kama amai da zawo mai tsanani, wani har da jini, wani ma ya kan rasa ransa. Dafuwa ba ta kashe wannan dafi. A ƙasar Indiya suna da wani iri marar ɗaci, wanda su ke ci ɗanye sharaf a miya, waɗansu kuma su matse ruwansa su sha. Duk da haka a kan sami mai ɗaci a ciki. A shekarar 2010 wani mutum ya mutu a birnin Delhi bayan ya sha irin wannan ruwa mai ɗaci, har likitocin ƙasar suka yi gargaɗi a riƙa ɗanɗanawa tukuna. Saboda haka kada wani ya ba ku ruwan duma da sunan maganin wankin ciki ku karɓa. In yaro ya ci bisa kuskure ya fara amai, a kai shi asibiti nan da nan, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. Ruwan da kuka jiƙa duma a ciki, kada ku zubar kusa da rijiya, ko inda dabbobi ke sha. Sabuwar ƙwarya kuma ba a cin abinci a ciki sai an yi ta jiƙa ta ana sake ruwa. Waɗansu mata su kan sa ƙasari. Ku ɗanɗana ruwan da ya kwana a ciki da bakin harshe, in da sauran ɗaci a sake jiƙawa.

Abu na ƙarshe shi ne iri. Sau nawa kuka ji mutum ya ce, "Na shuka ludayi, ya fito mini da wani abu, shi ba gora ba shi ba ludayi ba"? Ya kan ce an cuce shi a kasuwa. Watakila ba wanda ya cuce shi. Ku tuna da ƙwarin nan na dare. Ba ruwansu da danga, su tashi daga furen goran wani gida su sauka a kan furen ludayinka. Ɗan da zai fito a wannan shekara ludayi ne sosai, don uwarsa ya ke bi. Amma irin da ke cikinsa ya gauraya, sai baɗi abin zai nuna. Ta haka ne iri mai kyau ke ɓacewa a gari ba a sani ba.

Ga yadda za ku tsare naku. Da rana ku nemi furen mace wanda zai buɗe a yammacin nan, za ku gan shi ya kumbura, bakinsa ya yi fari. Ku ɗaure bakin da zare a hankali. Ku yi wa namiji ɗaya haka nan, daga iri guda. Da magariba ku kwance su, ku shafa kamar yadda muka faɗa, ku sake rufe macen da ɗan ƙyalle har kwana 2. Ku ɗaura jan zare a mariƙin don ku gane shi ran girbi. Daga wannan ɗa za ku ɗebi iri, in ya fito da kauri da siffa mai kyau. Ku wanke irin, ku shanya a inuwa har ya bushe ƙayau, ku gauraya da toka, ku zuba a ƙaramin gora ko kwalba ku toshe. Irin ludayi da na buta in sun haɗu a hannu da wuya a rarrabe su, don haka ku rubuta sunan kowane iri da shekararsa a 'yar takarda ku jefa a ciki. Ku da kuka iya rubutu yanzu, wannan ba zai gagare ku ba.

Mun ji an ce a garin nan akwai tsofaffin da har yanzu ke riƙe da irin babban masaki, da na dogon shantu, waɗanda ba a cika ganinsu a kasuwa ba. Ku je ku gaishe su, ku roƙi ko ƙwaya 5 ce. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, duk mai iri a gida ya zo da shi a ƙulle, da sunansa a rubuce, mu baje a kan tabarma a yi musaya. Mu ma za mu zo da namu, jikokin ƙwaryar nan da ta kashe mana ɗakin girki. Wanda ke da dirkoki kuma ya fara sarowa tun yanzu, su sami bushewa kafin ruwa ya sauka.

Mu kwana lafiya.